Dalmar Tabalak

Arzika ya tura jirgi tun hantsi bai dubi ludayi ba.
Ya ce, “Ɗiyar Nomau, kifi kika zo nema?”
Na ce laka.
Ya yi dariya har gora ta kusa suɓuce masa:
“Karatun Yamai ke nan,
a tsallake tarwaɗa a rungumi shimfiɗarta?”

Tsakiyar tafki muka tsaya.
Na kafa bututu, na danna, na ƙara dannawa
sai da kafaɗa ta ce ya isa.
Ya fito da nauyin jinjiri,
kamu guda da ɗani na taɓo,
shekaru kwance bisa shekaru, ba mai tada wata.

Samansa ja ne, jan tsatsa,
nan ƙarfe ke samun iska.
Yatsa biyu ƙasa sai baƙi,
baƙi mai warin ɓaragurbi,
inda numfashi ya ƙare,
inda farar wuta ke tare duk ƙarfen da ya ɓato hanya
ta ɗaure shi ba beli.

Na yanyanka shi siri-siri
kamar albasar da za a shanya,
kowane yanki da ledarsa da lambarsa.
A Yamai na busar, na niƙa, na narke,
na miƙa wa na’ura.
Ita ba ta awo da tiya.
Zuba baƙar ƙwaya ɗaya cikin tiya uku na hatsi,
za ta nuna maka ita, ta faɗi sunanta.

Tagulla kaɗan. Tutiya kaɗan,
ƙila daga garake, ƙila daga kwanon rufi.
Ban damu ba, ina shan shayi.
Sai a yanki na goma sha tara
layin dalma ya miƙe tsaye kamar suri a fako.

Na ƙirga baya. Na sake ƙirgawa.
Shekarata bakwai.

Ga baba bayan ɗaki, ya fasa mataccen batirin babbar mota,
ga gwangwanin tumatir bisa garwashi,
ga ramukan da ya yi da yatsa cikin jiƙaƙƙen rairayi.
Ni ce mai fifita wuta.
Ruwan azurfar talaka yana gangara,
ya daskare, ya zama ƴaƴan taru.
Duk tarun da kututture ya yaga
can ƙasa ya bar haƙoransa,
nasa da na Arzika da na wasu hamsin.

Tarun nan ya saya mini allo da alli,
ya biya mota har Yamai.
Hannun da ya zuba dalmar kuwa,
daga baya ko koko bai iya riƙewa sai fura ta zube.
Mun ce tsufa ne.

Takardar rahoto tana da gurbi: daga ina?
Na daɗe da alƙalami a sama.
Na rubuta, “ayyukan mutane.”
Gurbin ya yi wa Nomau kaɗan.

Laka mai amana ce muddin ruwa na rufe da ita.
Amma bazara na janye tafki kamar zane,
taɓo ya tsage, iska ta shiga,
fartanya ta biyo baya da irin rani,
abin da aka ɗaure ya fara kwance kansa.

Na koma na faɗa wa Arzika:
a gasa yumɓu, a huda tsakuwa.
Ya ce, “Yumɓu na tunani kafin ya nutse,
kifi ba ya jiran mai tunani.”
Ya yi shiru. Ya jawo tsohon taru daga ƙasan jirgi,
ya tsinke ɗa guda da wuƙa, ya sa mini a tafi.
“Zubin mahaifinki ne. Kan yatsarsa ke nan.”

Yana bisa teburina, kusa da ma’auni.
Nakan taɓa shi da safe.
Sa’an nan in tashi in wanke hannu.